Rufe layi na kwana biyar saboda tudu huɗu: me ake yi a ciki, me ya sa sai an rufe?

Shekaranjiya da daddare ƙanina da ke zaune a Ingila ya kira ni ransa a ɓace, wai sun wayi gari sun ga an ɗaure wata takarda a jikin falwayar fitilar layinsu, an kuma zuro musu irinta ta ƙofa, cewa daga Litinin mai zuwa za a rufe layin ga motoci daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma har kwana biyar, saboda za a saka tudun rage gudu, wanda mu a nan wasu ke ce wa bamp wasu kuma sulo-dawun. Ya ce min "Yaya don Allah tudu nawa ne? Guda huɗu ne fa kacal. Da a gida ne samarin layi da buhun siminti biyu kafin la'asar sun gama, amma nan sai an rufe mana hanya sati guda, ga zagaye kafin in kai wurin aiki." Na ce masa ai kai da bakinka ka ba kanka amsa, wancan na kafin la'asar ɗin shi ne wanda yake kwashe wa mutane salansa, ya kayar da ɗan acaɓa da daddare, damina ɗaya kuma ya farfashe ya koma rami. Mun daɗe muna magana, da muka gama sai na ga ya kamata in zauna in warware zancen a rubuce, tunda abu ne da yake damuna tun ba yau ba.

Kafin maganar rufe hanya sai an fara da me ya sa ake son tudun tun farko. Mutane da yawa suna ɗauka bambancin gudun kilomita 30 da na 50 a awa ɗan ƙarami ne, tunda kana cikin mota ba ka jin wani canji, amma ga wanda yake tsaye a gaban motar bambancin kan iya zama na rai da mutuwa. Littafin dokokin hanya na Birtaniya ya kawo lissafin a fili: mota mai gudun mil 20 a awa, wato kamar kilomita 32, tana buƙatar mita 12 kafin ta tsaya cak daga lokacin da direba ya hango abu, mai mil 30 tana buƙatar mita 23, mai mil 40 kuma mita 36. Ka duba, gudun ninki biyu aka yi amma nisan tsayawa ya ninka uku. To ka ƙaddara yaro ya fito da gudu daga bayan wata mota da aka faka, yana bin ƙwallo, tsakaninsa da kai mita 13. In kana kan mil 20 ka tsaya kafin ka taɓa shi, sai dai ka yi salati ka yi masa faɗa. In kana kan 30 kuwa, a daidai wurin da mai 20 ya riga ya tsaya kai birkinka ma bai daɗe da fara kamawa ba, da kusan duk ƙarfin motar za ka same shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mummunan hatsarin da ake rasa rai da kusan kashi 4, kuma a rahotonta na 2023 ta ce mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hanya duk shekara, sannan tsakanin masu shekara 5 zuwa 29 babu abin da ya kai hatsarin hanya kisa. Ba zazzaɓi ba, ba yaƙi ba, hanya.

Sai wani ya ce to a kafa allo mana a rubuta 20, me ya kai mu ga fasa kwalta? An gwada. A Ingila akwai garuruwan da suka kafa alluna kawai ba su taɓa jikin titi ba, da gwamnati ta sa aka yi nazari wanda ya fito a 2018 sai aka ga gudun ya ragu da abin da bai wuce mil ɗaya ba a yawancin wuraren. Amma inda aka haɗa allon da tudu da matse hanya labarin daban ne. Masu bincike na makarantar nazarin lafiya da cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan sun bi alƙaluman birnin na shekara 20, daga 1986 zuwa 2006, suka wallafa a 2009 cewa unguwannin da aka mayar na mil 20 an samu raguwar waɗanda hatsari ke rutsawa da su da kusan kashi 42 cikin 100, yaran da ke mutuwa ko jin mummunan rauni kuma sun ragu da kusan rabi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, direba ba allo yake karantawa ba, titin yake karantawa. In ya ga hanya miƙaƙƙiya mai faɗi sumul ƙafarsa da kanta take danna totur ko da liman ne, in kuwa ya san akwai abin da zai jijjiga shi a gaba da kansa zai sassauta ba sai ɗan sanda ya tsaya masa ba.

Kuma abin ba sabo ba ne. Tun 1906 wani gari mai suna Chatham a jihar New Jersey ta Amurka ya ɗaga wuraren tsallaka titi sama don motoci su rage gudu. Amma inda abin ya zama tsari sosai Holan ne. A ƙarshen shekarun 1960 a garin Delft aka fara sauya layukan unguwa ana sa bishiyoyi da benci da lanƙwasa a hanya har mota ta zama kamar baƙuwa a layin, a 1976 gwamnati ta sa shi cikin doka. A 1971 sama da mutum 3,000 suka mutu a titunan ƙasar, fiye da 400 yara ne, iyaye suka fito da gangamin da sunansa ke nufin "a daina kisan yara", suna zama a tsakiyar titi suna tare hanya. Wannan ɓangaren yana taɓa ni sosai don irin zafin zuciyar da ke sa mutanen layinmu su fito da cebur bayan an kaɗe yaro ne, babu bambanci, sai dai su can zafin ya koma doka da zane da awo. Ingila ta buɗe unguwanninta na farko na mil 20 a 1991, a Sheffield da Norwich da Kingston.

To yanzu ga inda ƙanina bai gane ba, kuma inda mu ma yawancinmu ba mu gane ba: tudu ba tulin siminti ba ne kawai, yana da awo. Dokar tudun hanya ta Ingila ta 1999 ta ce tsayinsa sama kada ya gaza milimita 25 kada kuma ya wuce 100, wato santimita 10 ne ƙarshe, bai kai tsawon wayar hannunka ba, kuma yawanci ma 75 suke yi. Kada ya kasance da baki mai kaifi a tsaye da ya wuce milimita 6. Sai a titin da iyakar gudunsa bai wuce mil 30 ba. Sannan wanda cibiyar binciken hanyoyinsu ta fitar tun shekarun 1970, wanda ƙasashe da yawa suka kwafa, tsawonsa daga inda taya ta fara hawa zuwa inda ta sauka mita 3.7 ne. Me ya sa dogo haka? Saboda tsakanin tayar gaba da ta baya a ƙaramar mota bai cika kai mita 3 ba, kenan motar gaba ɗayanta take hawa ta sauka kamar kwalekwale a kan igiyar ruwa, in kana tafiya a hankali ba ka jin komai, in ka taho a guje sai ta cilla ka. Shi kuwa gajeren nan mai kama da an kwantar da turmi a hanya akasin haka yake yi, mai ƙaramar mota da ya taho a hankali shi ne ƙasan motarsa ke gurzawa, mai babbar jif kuwa in ya taka wuta shokozoba ta shanye bugun ya wuce abinsa. Ka ga kenan wanda aka yi tudun dominsa bai ji komai ba, mai bin doka da mai adaidaita da mace mai ciki a bayan babur su suka sha wahalar.

Kuma iri-iri ne. Akwai mai zagayayyen baya, akwai mai shimfiɗaɗɗen sama kamar tebur wanda masu tafiya a ƙasa ke tsallakawa ta kansa daidai da tsayin gefen titi, har mai keken guragu ya wuce ba sai an ɗaga shi ba. Akwai wanda ake yi kamar matashin kai a tsakiyar kowane hannu, faɗinsa bai kai mita 2 ba, an yi shi ne yadda bas da motar 'yan kwana-kwana masu faɗin taya za su ratsa shi ta gefe da gefe amma ƙaramar mota dole taya ɗaya ta hau. Wani wurin ma ba tudu ake sawa ba, matse hanyar ake yi ta zama mota ɗaya ce ke wucewa a lokaci guda, ko a lanƙwasa ta hagu da dama, ko a sa ɗan ƙaramin shataletale a mahaɗa. Tazara ma da lissafinta, in tudu ya yi nisa da ɗan'uwansa direba zai taka wuta a tsakani ya zo ya ci birki, ƙara da hayaƙi su ƙaru a banza, shi ya sa ake jera su kamar mita 60 zuwa 100 tsakani don mutum ya ga gara kawai ya riƙe gudu ɗaya a hankali.

Ita takardar da suka gani a jikin falwaya kuwa, ƙarshen wata doguwar tafiya ce ba farkonta ba, kuma takardu biyu ne mutane ke haɗa su su rikice. Ta farko ita ce ta amincewa da tudun kansa. Dokar manyan hanyoyi ta 1980 da ƙa'idojin 1999 sun wajabta wa ƙaramar hukuma ta tuntuɓi 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da masu motar ɗaukar marasa lafiya, ta buga sanarwa a jaridar yankin ta kuma liƙa a wurin, ta ba jama'a aƙalla kwana 21 duk mai ƙorafi ya kawo. A nan ne ake faɗan, a nan ne mai shago zai ce kada a sa a ƙofar shagona, mai gida ya ce jijjigar tifa za ta tsaga min bango. Na tambayi ƙanina ko watannin baya an taɓa zuro musu wata takarda mai zanen layin, ya yi shiru ya ce kamar an yi amma bai karanta ba. To lokacin maganar kenan ya wuce shi. Ta biyu ita ce ta rufe hanya na wucin gadi, wadda ke ƙarƙashin sashe na 14 na dokar tsara zirga-zirga ta 1984. Ko ƙaramar hukumar da kanta ba ta da ikon ta jibge ganguna a titi ta ce an rufe, sai ta fitar da oda a rubuce, ta buga sanarwar niyya aƙalla kwana 7 kafin nan, ta faɗi dalili, ta faɗi hanyar da za a bi a maimako. Wani abu da ke tsorata mutane shi ne su ga an rubuta odar za ta iya aiki har wata 18. Wannan iyakar da doka ta yarda ce, ana rubuta ta ne don in ruwan sama ya ɓata aiki ko ɗan kwangila ya makara ba sai an sake bin layin takardu daga farko ba, amma hanyar tana rufe ne kawai lokacin da alamun rufewa ke kafe a wurin.

Sai ainihin tambayar: me ya hana a yi rabi motoci na bin rabi? Wani lokacin ana yi, in titin na da faɗi, a sa fitilar wucin gadi hannu ɗaya ya wuce ɗaya ya jira. Amma layin unguwa yawanci faɗinsa mita 5 zuwa 6 ne ko ɗan sama da haka, kuma ƙa'idar aikin hanya a can ta ce sai an bar tazarar kariya tsakanin ma'aikaci da motar da ke wucewa, sannan a bar wa motar kanta wajen mita 3 in manyan motoci na bi. Ka cire wurin da injin yake tsaye, ka cire tazarar kariya, abin da ya rage ba zai ɗauki mota ba. Leburan da ke durƙushe yana gyara bakin kwalta shi ma ɗan wani ne, ba zai yiwu a zo ceton yaran layi a kuma sa ran ma'aikaci a bakin taya ba.

Ban da haka shi aikin kansa ba ya son a katse shi. Ba a ɗora tudu a kan tsohuwar kwalta haka kawai, sai an yanka an kankare saman tsohuwar da inji an yi masa gurbi, a share ƙura tas, a fesa baƙin ruwan kwalta mai danƙo don sabuwar ta kama tsohuwar, in ba haka ba bakin tudun ne zai fara ɓantarewa cikin 'yan watanni. Sabuwar kwaltar tana zuwa da zafi sama da digiri 140, dole a shimfiɗa ta a bi ta da rola kafin ta huce, a kuma riƙa auna ta da katakon awo don siffar ta fita daidai, tunda santimita ɗaya ko biyu na ƙari ya isa ya mayar da tudu mai kyau ya zama mai fasa mota. In aka saki motoci a kai tana da ɗumi sawun taya zai zauna a ciki har abada. In rabi-rabi aka yi kuma sai an samu gaɓa a tsakiya, ta nan ruwa ke shiga ya fara cin ta. In da kankare ko bulo aka yi ma ya fi haka jira, don kankare kwanaki yake so kafin ya ɗauki nauyi. Bayan nan ga fenti, fararen alamun nan masu kama da kan kibiya da ake zanawa a fuskar tudun don a hango shi da daddare, shi ma sai busasshiyar ƙasa, ga alluna, ga duba fitila. A ƙasar da ruwa ke iya sauka kowace rana ka ga kwana biyar ba su yi yawa ba.

Akwai kuma abin da kusan kowa ke mantawa sai damina ta tuna masa, wato ruwa. Tudun da ya taso daga wannan gefen titi zuwa wancan madatsar ruwa ce ƙarama. In ba a bar masa hanya ta gefe ba, ko ba a matsar da ramin magudanar zuwa saman tudun ba, ruwa zai taru ya kwanta, kwalta kuma ba ta da maƙiyi kamar kwantaccen ruwa. Sau da yawa kwana biyun farko na irin wannan aikin ba ma a taɓa tudun ba, haƙa ake ana gyara magudana, mutanen layi suna leƙowa suna cewa ba a yin komai.

Duk da haka ba zan ce masu ƙorafi ba su da gaskiya ba, suna da ita a wurare da dama kuma bai kamata a share su ba. Zagayen da ake turawa mutane yakan yi tsawo fiye da hankali, dalili kuwa ba a son a kwashe motoci daga wannan layin a zuba su a wani ɗan lungu mai makarantar yara, sai a bi da su ta babban titi da zai iya ɗauka, amma mai shagon da ke tsakiyar layin ba ruwansa da wannan bayanin, shi dai ya san cinikin sati ɗaya ya tafi kuma ba wanda zai biya shi. Tsohuwar da bas ke tsayawa a ƙofar gidanta yanzu sai ta taka zuwa wata tasha. Mai jinyar da ke zuwa duba mara lafiya a gida, motar kwasar shara, mai kawo kaya, duk sai an yi tunaninsu, kuma hukumar da ta san aikinta tana rubuta lambar waya a takardar, ta bar wa masu tafiya a ƙasa hanya, ta sa mutum a bakin shingen da zai buɗe wa motar gaggawa, ta yi aikin kusa da makaranta a lokacin hutu. Wadda ba ta yi haka ba ta cancanci duk faɗan da za a yi mata. Bayan an gama ma ƙorafi bai ƙare ba. Masu motar asibiti a Landan sun taɓa kukan cewa tudu na jinkirta su, kuma gaskiya ne kowane tudu yana cin 'yan daƙiƙoƙi, ga mai ciwon baya ko karaya a cikin motar yana jin kowanne a jikinsa, wannan ne ma ya sa ake sa irin na matashin kai a hanyoyin da suke yawan bi. Sannan wani lokacin masu gudun ba daina gudu suke ba, layin gaba suke komawa, shi ya sa gyaran layi ɗaya tak ba tare da kallon unguwar gaba ɗaya ba yakan zama an kwashe matsala ne an kai wa maƙwabci. Kuma mutane ba sa son a taɓa musu gudu ko ina ne, da yankin Wales ya mayar da mil 20 ya zama iyakar gudu a yawancin titunan cikin gari ranar 17 ga Satumba 2023, sama da mutum 460,000 suka sa hannu a takardar neman a soke.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da na ajiye wayar sai na tuna layinmu. Mu ba mu san tudu da takarda ba, mun san shi da jana'iza. Sai an kaɗe yaro yana dawowa daga islamiyya, a yi masa sutura, kafin sadakar uku samari sun haɗa kuɗi sun sayo siminti, wani wurin ma tsohuwar taya ko gungumen icce ko igiyar jirgin ruwa ake jibgewa, kuma wallahi ba na ganin laifinsu ko kaɗan, mutumin da ya ɗauki gawar ɗan maƙwabcinsa ba za ka ce masa ya jira kwamiti ba. Amma abin da ake samu a ƙarshe shi ne tudu mai tsini ba fenti ba allo ba fitila, baƙon da bai san layin ba ya taho da daddare a babur da iyalinsa ya yi sama, ruwa ya taru a gindinsa ya cinye kwaltar, masu adaidaita su koma bi ta gefe ta ƙofar gidajen mutane inda yaran suke wasa, wato daidai abin da ake gudun faruwarsa. Shi ma simintin ba a ba shi ko kwana ɗaya ya sha iska ba don ba wanda zai iya tare hanyar, da magariba an fara takawa. A manyan hanyoyi abin ya yi yawan da a ƙarshen 2024 ministan ayyuka David Umahi ya ba da umarnin a cire waɗanda aka dasa barkatai a hanyoyin tarayya. Na fahimci dalilinsa, amma cirewa kaɗai ba ta amsa tambayar mutanen ƙauyen da titi ya raba gidajensu da kasuwarsu da makarantarsu ba, in ba a ba su wani abu a madadi ba za su sake zubawa ne.

Kuma kada a ce wannan sai ƙasar Turawa. A Gana, a mahaɗar Suhum da ke kan hanyar Akara zuwa Kumasi, wurin da ya yi ƙaurin suna wajen hatsari, an saka jerin ƙananan tudu masu girgiza mota bisa tsarin injiniyoyi, tsakanin Janairun 2000 da Afrilun 2001 hatsari ya ragu da kusan kashi 35 cikin 100, mace-mace da kusan kashi 55, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo misalin a rahotonta na 2004, kuma kuɗin da aka kashe bai kai ko kusa da na sake fasalin mahaɗar ba. Kayan aikin duk muna da su, kwalta ce da rola da fenti, injiniyoyi kuma ga su nan a ma'aikatun ayyuka. Rufe layi ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, muna rufewa don ɗaurin aure da zaman makoki da sallar Juma'a, a jera benci a kafa rumfa kowa ya zagaya ba tare da ya yi fushi ba don ya san dalili. Abin da ya rage shi ne a samu ƙofar da mai unguwa zai ƙwanƙwasa tun kafin a rasa rai, ya ce layin nan ana gudu, a turo wanda zai auna, a faɗa wa mutane ranar da za a rufe da ranar da za a buɗe da inda za su bi, a sanar a masallaci bayan sallar isha'i yadda kowa zai ji, 'yan KAROTA masu kula da zirga-zirgar motoci a Kano ko 'yan kiyaye haɗurra su tsaya a bakin layin na kwana biyu ko uku har abin ya kama.

Ƙanina dai na ce masa daren Lahadi ya fitar da motarsa ya kwanar da ita a layin baya tunda takardar ta ce ba a hana tafiya a ƙasa ba, ya ƙara minti goma a kan lokacin fitarsa, ya kuma leƙa gidan dattijuwar da ke maƙwabtaka da shi ya ji ko tana da asibiti a satin don a kira lambar da ke jikin takardar a shaida musu tun da wuri. Na kuma roƙe shi in an buɗe hanyar, ranar da aka fara yin ruwa mai ƙarfi ya fita ya ɗauko min hoton gindin tudun ta ɓangaren da ruwa ke gangarowa, ina so in ga ta inda suka bi da shi.